Wa Zai Ƙera Kumbon? Sharhi Kan Labarin Sararin Samaniya a Adabinmu

A 'yan shekarun nan, daga cikin rubuce-rubucen da matasa ke kawowa a duba musu kafin su kai maɗaba'a, an fara samun waɗanda suka bar soyayya da yaƙin aljanu suka nufi sararin samaniya. Wannan abin farin ciki ne, domin kuwa adabin da bai taɓa ɗaga kai sama ba ya yi kama da gidan da ba shi da taga. To amma akwai wani abu guda da ke maimaita kansa a kusan dukkan waɗanda na gani. A shafi na farko za ka tarar da kumbo a tsaye ya gama haɗuwa, tauraron labari ya shiga ya danna maɓalli, kafin shafi na biyar ya sauka a duniyar Mirrihi. Ba a gaya mana wanda ya ƙera kumbon ba, ba a gaya mana wanda ya biya kuɗinsa ba, balle a ce ga inda aka samo wutar da aka yi masa walda. Marubucin zai ambaci wata hukuma mai dogon suna, ya ce ita ta aika jaruminsa, daga nan ba za ka sake jin ɗuriyarta ba. A nawa ganin, wannan hukumar da ake tsallakewa ita ce labarin, kuma mu marubutan Kano mun fi kowa kusa da kayan haɗa shi, in da za mu leƙa Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Bari mu fara da abin da muka gada. Littafin da manazarta suka fi ambata a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, wato shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi a jirginsa suka shiga sararin samaniya. Ko shakka babu Malam Umaru ya yi abin a yaba. Ya buɗe ƙofar da babu wanda ya taɓa kafinsa, ya kuma yi haka da Hausa mai sauƙi wadda yaron makaranta zai bi ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Na ga yadda ɗalibai ke natsuwa idan ana karanta shi a aji, kuma duk malamin da ya san hayaniyar 'yan aji biyu ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Sai dai mai karatu ya lura da matsayin Kilba a cikin tafiyar. Fasinja ne. Jirgin ba nasa ba ne, ba na garinsu ba ne, ba kuma na kowane ɗan'adam ba ne. Idan ka cire sunan jirgi ka sa tsuntsu ko aljani, zubin labarin ba zai girgiza sosai ba, domin wannan hanya ce da muka saba da ita tun daga tatsuniya har zuwa Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, inda jarumi ke ƙetare iyakar duniyar da aka sani da taimakon wani ƙarfi wanda ba a tambayar asalinsa. Ba laifi ba ne ga littafin 1969 ya tsaya a nan. Laifin yana wuyanmu da muka shafe fiye da shekara 50 muna sake hawa jirgin Kolin Koliyo, sai dai mu canza masa fenti mu ce na wata hukuma ne.

Abin da zai ƙara ba mutum mamaki shi ne, Kano ta shiga tarihin tafiya sararin samaniya tun kafin a rubuta wancan littafi. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashoshi a wurare daban-daban na duniya domin bin sawun kumbunanta na shirin Mercury, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da mutanen tashar Kano, ya shaida musu yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka tabbatar masa cewa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Kowane Bakano ya san sunan wannan ƙura, hazon hunturu ne. To ina labarin direban da ke kai wa tashar nan ruwa? Ina na mai gadi, ko makanikin da ke kula da janareta, wanda idan injinsa ya tsaya muryar mutumin da ke sama za ta ɓace? Ga labari a ƙofar gida, mun bar shi yana shan rana.

Wanda ya zo ya kafa wa Kano hukumar sararin samaniya a cikin ƙagaggen labari, da Turanci ya yi. Deji Bryce Olukotun, marubuci ɗan asalin Nijeriya mazaunin Amurka, ya fitar da littattafai biyu masu alaƙa da juna. Na farko, Nigerians in Space, ya fito a 2014. A cikinsa wani masanin duwatsun wata mai aiki a Amurka ya saci ɗan samfurin ƙasar wata a 1993, bisa alkawarin cewa za a dawo da masana gida a kafa shirin sararin samaniya, sai shirin ya watse, masanan suka koma 'yan gudun hijira. Na biyu, After the Flare, ya fito a 2017, kuma shi ne ya shafe mu kai tsaye. Wata gagarumar fashewa daga jikin rana ta lalata wutar lantarki da na'urori a akasarin ƙasashen duniya, ƙasashen da ke tsakiyar duniya irin Nijeriya suka tsira, ga kuma wata 'yar sama jannati da ta maƙale a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Sai aka gina filin harba kumbo a Kano domin a je a ceto ta. Tauraron labarin, Kwesi Bracket, injiniya ne da ya taso daga Amurka, aikinsa gina katafaren tafkin da 'yan sama jannati ke atisaye a ciki.

Olukotun ya gane abin da matasanmu ba su gane ba tukuna. Ya san cewa hukuma mutane ce, da ɗan siyasa mai neman suna, da ma'aikaci mai jin tsoro, da kayan aikin da ba su iso kan lokaci ba, da 'yan ta'adda da ke matsowa. Zaɓen da ya yi na injiniyan tafki a matsayin tauraro, maimakon matuƙin kumbo, zaɓe ne na wanda ya san sana'arsa. Littafinsa na farko ma ya fi burge ni ta wannan fuska, saboda tarihi ne na hukumar da ta mutu tun tana ciki, kuma duk wanda ya rayu a Nijeriya a 1993 ya san yadda ake soke abu bayan an gama shirya shi.

Amma ina da ƙorafi biyu a kan littafin na biyu. Na ɗaya, sai da marubucin ya kashe wa sauran duniya wuta sannan Nijeriya ta samu shiga gaba. Dabara ce mai daɗin karatu, har da ɗan murmushi a ciki ga mutanen da suka girma da ɗauke wuta, sai dai ta sauƙaƙa wa marubuci aiki fiye da kima. Gurgu ya ci tsere saboda an ɗaure ƙafafun sauran. Tambaya mai wuya, wato yaya ƙasa irin tamu za ta gina abu ta riƙe shi shekara 40 alhali kowa yana nan da ƙarfinsa, an kauce mata. Na biyu, Kano a littafin ta idon baƙo ake kallonta. Wannan haƙƙinsa ne, shi ya zaɓi tauraronsa, kuma baƙo yakan ga abin da ɗan gari ya daina gani. Duk da haka mai karatu Bakano zai rufe littafin yana jin cewa an ari filin garinsu ne aka yi biki, shi kuwa yana bayan shinge.

A nan ne nake son 'yan uwa marubuta su tsaya su yi tunani a kan unguwannin masana'antunmu. Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a cikinta, masu matse man gyaɗa da yin sabulu da alewa da makamantansu. Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shigo. An yi masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda, an yi majemu a Challawa masu fitar da kirgi zuwa Turai, an harhaɗa kekunan Raleigh, an harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat a kamfanin NTM. Akwai lokacin da jiniyar masana'anta ke gaya wa unguwa ƙarfe nawa, dubban ma'aikata na fita wasu na shiga, masu abinci da masu shayi na jiransu a bakin ƙofa. Sai shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka yi tsada, wuta ta ƙi tsayawa, man janareta ya cinye riba, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Ɗaya bayan ɗaya ƙofofi suka rufe. Wasu gine-ginen sun koma ɗakunan ajiyar kayan da ake shigowa da su, wasu ciyawa ta rufe su, wasu kuma sun daure sun koma yin robobi da tabarmi da ruwan leda. Ruwan majemu kuwa ya bar tabonsa a kogin Challawa, kamar yadda na Bompai ya bar nasa a Getsi da Jakara, manoman da ke ban-ruwa a gefensu su ne shaida.

Mai karatu zai ce, to mene ne haɗin masaƙa da kumbo? Haɗin ya fi yadda ake zato. An ƙiyasta cewa mutum kusan 400,000 ne suka yi aiki a shirin Apollo, waɗanda suka taka wata kuwa 12 ne kacal. Rigunan da suka sa, mata maɗinka ne suka ɗinka su da keken ɗinki da hannu a wani kamfani da asalinsa ke yin kayan ciki na mata. Ma'ajiyar kwamfutar kumbon saƙa ta aka yi da waya, zare bayan zare, kuma da yawa daga matan da suka saƙa ta daga masaƙun tufafi aka ɗebo su. A 1986, ranar 28 ga Janairu, kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai a ciki, sanadiyyar wani zoben roba da sanyi ya busar. Injiniyoyi sun yi gargaɗi a daren da ya gabata, manya suka ce a harba. Duk tsohon ma'aikacin Sharaɗa da ka karanta wa wannan zai gyaɗa kai, domin ya san ranar da ya gaya wa manaja cewa bel ɗin nan ya gaji, manaja ya ce a ci gaba da aiki, oda na jira. Ita kanta Apollo ba fashewa ce ta kashe ta ba, kasafin kuɗi ne. An soke tafiye-tafiye uku da aka tsara, aka rufe shirin a 1972, ƙwararru suka shiga neman aiki. Wato abin da ya sami ma'aikatan Bompai ya sami waɗanda suka kai mutum wata.

Tamu hukumar ta gaskiya ma ta isa darasi. An kafa NASRDA a 1999. Tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, wani kamfani ne a Ingila ya ƙera shi, aka harba shi daga Rasha a watan Satumba na 2003. A watan Mayu na 2007 Sin ta harba mana NigComSat-1 wanda aka tsara zai yi shekara 15, sai ya mutu a watan Nuwamba na 2008 saboda fukafukansa masu tara hasken rana sun lalace. A taƙaice dai, ɗauke wuta ta bi mu har sama. An maye gurbinsa a ƙarshen 2011, kuma a wannan shekarar ce aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu lokacin da suke samun horo a Ingila. Ga nasara, ga faɗuwa, ga dogaro da baƙi, ga matasa masu ƙwazo da ke dawowa gida su tarar babu ɗakin gwaji irin wanda suka baro. Marubucin da ya rasa jigo a nan bai nema ba ne.

Akwai kuma batun lokaci, wanda shi ne ya fi tilasta wa marubuci ya rubuta tarihin hukuma maimakon na mutum ɗaya. Duniyoyin da ke kewaya rana suna da nisan da rayuwar jarumi guda ba ta isa ta cike shi. An harba kumbon Voyager 2 a 1977, bai isa duniyar Naftun ba sai 1989. A cikin waɗannan shekaru 12 Nijeriya ta ga Obasanjo da Shagari da Buhari da Babangida. A ce kumbon namu ne, wa zai ci gaba da biyan albashin masu sauraronsa a duk waɗannan sauye-sauye? Wace gwamnati ce za ta ce ba ita ta harba shi ba, don haka babu ruwanta? Yarinyar da aka ɗauka aiki ranar harbawa za ta zama uwar 'yan makaranta kafin hoton farko ya iso. Ga inda soyayya da kishi da gado da ritaya za su shigo da kansu, ba sai an jawo su da igiya ba. Masu cewa labarin kimiyya busasshe ne, babu zuciya a ciki, ina jin ba su yi wannan lissafin ba.

Turawa sun daɗe da gano haka. Jules Verne na Faransa, a littafinsa na tafiya wata da ya fito a 1865, ya ƙirƙiro wata ƙungiya ta tsofaffin maƙera bindigogi a Amurka, ya kuma cinye kusan dukkan littafin a kan tarurrukansu da gardamarsu da karɓar gudummawa da zubin ƙatuwar igwar da za ta harba su. Harbawar a ƙarshe ta zo. Kim Stanley Robinson ya yi littattafai uku tsakanin 1992 da 1996 a kan zaman mutane a Mirrihi, inda ya bi zuriya bayan zuriya. Amma ba sai mun je nesa neman zubi ba. Muna da Tarihin Kano, wanda ya bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda, yana faɗin shekarun kowa da abin da ya shigo gari a zamaninsa: Wangarawa a zamanin Yaji, kasuwar Kurmi a zamanin Rumfa. Babu tauraro guda a cikinsa, garin ne tauraro. Marubucin da ya ɗauki wannan zubi ya ba mu tarihin wata hukuma, shugaba bayan shugaba, wane a zamaninsa aka kai wata, wane a zamaninsa aka sayar da injin gwaji aka ce ɓera ya ci takardun, wane ya gaji kango ya tashe shi, zai yi abin da Verne da Olukotun ba su da halin yi, domin ba su gaji wannan murya ba. Ga kuma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya nuna tun farkon shekarun 1980 cewa Hausa na iya ɗaukar labarin ofis da fasa-ƙwauri da cin hanci ba tare da ta gaji ba.

Wani zai kawo uzurin kalmomi, ya ce Hausa ba ta da sunayen waɗannan abubuwa. Wannan uzuri ya tsufa. Malaman hisabi sun bar mana Zahra da Mirrihi da Mushtari da Zuhal, manoma sun bar mana Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, gidajen rediyo sun ba mu kumbo da roka da ɗan sama jannati. Sauran kalmomin suna bakin masu walda da makanikai da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, waɗanda suka raɗa wa kowane ƙarfe suna tun kafin wani kwamiti ya zauna. A je a zauna da su da biro da takarda. Abin da nake roƙo kawai shi ne a daina cusa Turanci a bakin tauraro don a nuna masani ne. Injiniyan da ke cewa abokin aikinsa ya miƙo masa sifana ya fi gamsar da ni a kan wanda ke zuba jimlolin da marubucin kansa bai fahimta ba.

Haka nan kada a guje wa tambayoyin da mai karatu Bahaushe zai yi tun a shafi na farko. Ina alƙibla a Mirrihi? Yinin can ya fi namu da kusan minti 40, shekararsa kwana 687 ce, to da wane wata za a ɗauki azumi? Waɗannan ba wasa ba ne, domin lokacin da Malesiya ta aika ɗan sama jannatinta a 2007, cikin watan Ramadan, sai da malamai suka zauna suka fitar masa da jagora kan salla da azumi. Hukumar da aka kafa a Kano dole ta sami irin wannan zama, da saɓanin da zai biyo baya, da mai wa'azin da zai ce ɓarnar dukiya ce alhali asibiti babu magani. Kuma a bar mai wa'azin nan ya faɗi hujjarsa da ƙarfinta, kada a mai da shi abin dariya, saboda rabin masu karatu suna bayansa. Indiya ta sha wannan suka shekara da shekaru. A farkon shekarun 1960 a kan keke masananta suke ɗaukar sassan roka zuwa wurin harbawa, a 2014 kumbonta ya shiga kewayen Mirrihi a gwajin farko.

Saboda haka idan wani daga cikin matasan ƙungiya ya sake kawo rubutu mai kumbo a shafi na farko, zan mayar masa da tambayoyi uku ya je ya amsa a babi na ɗaya. A wace unguwa aka ƙera shi, Sharaɗa ko Challawa? Wane ne ya sa hannu a takardar kwangila, kuma ƙanen wa ne? Sannan ranar da aka zo gwada injin aka ɗauke wuta, wa aka aika sayo man janareta, kuma nawa ya dawo da shi canji?